Wane lensi zan ƙara bayan 18-55 ɗin da ya zo da kyamara?

Ummu_Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan harkar nan. Ina da Nikon D3500 da lensin nan 18-55 da yake zuwa tare da ita a kwali. A waje da rana hotuna suna fita tas ba ni da ƙorafi, amma da an shiga ɗaki ko magariba ta kawo jiki shikenan, ko hoton ya yi duhu ko yaran su fito a dagule tunda ba zama suke waje ɗaya ba. Sannan ina matuƙar son irin hoton nan da mutum yake fitowa raɗau bayansa kuma ya narke. Wani ya ce min in sayi 50mm f/1.8, ƙawata kuma ta ce a'a 70-300 ne lensi na gaske tunda yana jawo abu daga nesa. Ni kuma ɗaya kawai zan iya saye yanzu. Wanne zan ɗauka?

Ɗan_Hamsin:
Wa alaikumus salam. Hajiya kar ki wahalar da kanki, 50mm f/1.8 kawai. Lensinki idan kika jawo shi zuwa 55 buɗinsa ba ya wuce f/5.6, shi kuwa wannan yana buɗewa har f/1.8, hasken da yake shigarwa ya kusa ninki goma na wancan. Ma'ana inda kyamararki take ɗaukar hoto a saurin shota 1/25 na daƙiƙa yaro ya motsa ya dagule, da wannan za ki samu 1/250 a cikin hasken nan dai. Ga shi ba nauyi ga araha, ga narkar da baya da kike so. 70-300 ba zai miki komai a ɗaki ba wallahi.

Malam_Gilashi:
Maganar Ɗan_Hamsin a kan haske gaskiya ce, amma akwai abu biyu da ya kamata ki sani kafin ki fitar da kuɗinki.

Na farko sensar D3500 ƙarama ce, wadda Nikon suke kira DX. Ba ta kai ful firem ba, wato mai faɗin milimita 36 da 24, don haka duk lambar da kika gani a jikin lensi sai ki ninka ta da 1.5 kafin ki san yadda zai gani. 50mm a kan kyamararki yana gani ne kamar 75mm. A ɗaki wannan ya matse da yawa, za ki yi ta ja da baya har bayanki ya taɓa bango kuma yaran biyu ba su shiga hoton ba. Wanda zai ba ki abin da mutane suke yabo a 50mm shi ne 35mm f/1.8G DX, tun 2009 aka fito da shi musamman don irin kyamararki, yana komawa kamar 52mm.

Na biyu kuma, in ma 50 ɗin kika zaɓa, ki duba harafin ƙarshe da kyau. Akwai 50mm f/1.8D akwai 50mm f/1.8G. Mai D ba shi da injin fokas a cikinsa, jikin kyamara ne yake juya shi, su kuma D3000 zuwa D3500 da D5000 zuwa D5600 ba su da wannan injin. Zai hau, zai ɗauki hoto, amma da hannu za ki riƙa juya fokas, ki yi tunanin hakan da yaro yana gudu. Ki nemi mai rubutun AF-S ko AF-P, su ne masu injin a cikinsu.

Ummu_Biyu:
Na gode sosai Malam, wlh da ban tambaya ba mai D ɗin zan ɗauko don shi na ga ya fi sauƙi. Amma wani abu yana rikita ni, ya aka yi 1.8 ya fi 5.6 haske alhali 5.6 ce babbar lamba?

Malam_Gilashi:
Rabawa ake yi shi ya sa. A ɗauki tsawon lensin a raba da lambar, abin da ya fito shi ne faɗin ƙofar da haske ke bi. 50 a raba da 1.8 kusan milimita 28 kenan, 55 a raba da 5.6 kuma bai cika 10 ba. In kika ɗora kowanne a kan kyamara kika leƙa ta gaba da idonki za ki ga bambancin ramin. Jerin yana tafiya 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, duk taki ɗaya da kika yi gaba hasken ya ragu da rabi.

Injiniya_K:
Ɗan gyara kaɗan ga ninki goman da aka ambata a sama. Wannan a 55 ne. In ta bar lensin nata a 18 buɗinsa f/3.5 ne, a nan bambancinsa da f/1.8 kusan ninki huɗu ne kawai. Har yanzu da yawa ne ban musa ba amma gara a faɗa daidai.

Mai_Tsuntsaye:
Ni fa ban ji daɗin yadda aka yi watsi da 70-300 haka ba. Ƙawar taki ba ƙarya ta yi ba. Mutane sun ɗauka f/1.8 kaɗai ke narkar da baya, alhali abu uku ne suke haɗuwa, buɗin lensi, tsawonsa, da nisan da ke tsakanin mutum da abin da ke bayansa. Ki tsayar da yaro a fili bishiyoyi suna can nesa bayansa, ki ja baya ki jawo zum zuwa 200, ko a f/5.6 ne bayan nan zai narke fiye da yadda kike zato, fuskar kuma ta fito a natse. Kuma yara sun fi sakewa idan ba a tsaya musu a ka da kyamara ba, ina zaune can gefe suna wasansu ba su ma san ina ɗauka ba, irin dariyar da nake kamawa a haka ba ta samuwa in ka ce musu ku tsaya ku kalle ni. Ranar da za su yi wasan ƙwallo ko gudu a makaranta 35mm ba zai kai ki ko'ina ba.

Na yarda dai a ɗaki ba shi da amfani, ko fokas ba ya yi in abu bai kai nisan mita 1.1 ba. In za ki saya wata rana na AF-P DX ɗin iri biyu ne, mai VR (wato mai gyara rawar hannu) da mara VR, ki ɗauki mai VR.

Ɗan_Hamsin:
To ai ka faɗa da bakinka, a ɗaki ba shi da amfani, ita kuma matsalar ɗaki ta kawo. Malam_Gilashi ni inda na tsaya shi ne fuska. 35 in ka matso kusa don fuska ta cika hoto hanci yana girma kunnuwa su ja baya, mata musamman ba sa son haka ko kaɗan. 50 a kan DX shi ne daidai hoton fuska da kafaɗa.

Malam_Gilashi:
Haka ne ɗan'uwa, sai dai ba lensin ne yake kumbura hancin ba, kusantar ce. Duk lensin da ka sa in ka tsaya rabin mita daga fuska haka za ta fito. Ka tsaya mita ɗaya da rabi ko biyu da 35 ɗin ka ɗauka daga ƙugu zuwa sama, lafiya lau. Kyamarar tana da megafiksel 24, in tana son fuska kaɗai ta yanke hoton daga baya. Amma bangon ɗaki ba ya matsawa don 50 ya samu wuri.

Hajiya ga gwaji da ba zai ci miki ko sisi ba. A jikin 18-55 ɗinki akwai lambobi 18, 24, 35, 45, 55. Ki tsayar da shi a 35 ki yini kina ɗauka ba tare da kin taɓa zum ba, washegari ki sa shi tsakanin 45 da 55 ki yi haka. Wanda ya fi takura ki za ki gane da kanki. Kuma tsofaffin hotunanki duk suna ɗauke da bayanin tsawon da aka ɗauke su, ki buɗe waɗanda kika fi so a kwamfuta ki ga wace lamba ce take yawan fitowa.

Sabon_Shiga22:
Ku yi haƙuri na shigo muku tsakiya, ni Canon 250D gare ni, duk wannan bayanin ya shafe ni ko na 'yan Nikon ne kawai? naga wasu lensoshin an rubuta EF wasu EF-S bansan bambancin ba

Hajiya_Canon:
@Sabon_Shiga22 ya shafe ka ƙanena, sai dai naka da 1.6 za ka ninka, 50mm zai zame maka 80mm, ya ma fi nata matsewa. Kai ba ka da matsalar D da G ɗin can, tun 1987 da Canon suka fito da bakin EF injin fokas a cikin lensi yake, kowanne ka ɗauka zai yi fokas da kansa. Kyamararka tana karɓar EF da EF-S duka, ka duba bakin za ka ga jan ɗigo da farin murabba'i, ja na EF fari na EF-S. Bambancin shi ne EF-S na ƙaramar sensa ne kawai ba ya hawa ful firem irin su 6D da 5D. Don cikin ɗaki akwai EF-S 24mm f/2.8 STM, ɗan siriri ne kamar ba a sa komai a kyamarar ba, yana gani kamar 38mm. Don fuska 50mm f/1.8 STM. Don nesa 55-250 IS STM. Ukun nan sun ishi mutum shekaru.

Dattijo_Mai_Fim:
Tun zamanin fim nake riƙe kyamara, shawarata ga yaran nan ita ce kullum ku sayi gilashin da zai bi ku gaba. Bodi yana tsufa a canza shi, lensi mai kyau kuwa yana nan. Bakin F na Nikon tun 1959 yake, akwai lensoshin da na saya ina saurayi har yau ina ɗora su. Don haka ni 50mm f/1.8G zan ce, domin na ful firem ne, ranar da Allah ya hore mata babbar kyamara ba sai ta sayar da shi ba. Na DX kuwa a nan zai tsaya.

Zee_Hotuna:
Baba Allah ya ƙara girma, amma a nan kam ban bi ka ba. Mutum nawa ne suke komawa ful firem ɗin? Yawanci kyamararsu ta farko ita ce har yara su girma. Bai kamata ta sayi abin da zai takura ta yau saboda kyamarar da ba ta ma yi niyyar saye ba, yaran nan kuma ba jiranta za su yi ba girma suke. Kuma a Nikon lensin DX yana hawa ful firem ai, kyamarar ce take yanke gefen da kanta, illa dai hoton ya ragu, a D750 daga megafiksel 24 ya dawo wajen 10.

Dattijo_Mai_Fim:
Kin yi gaskiya 'yata a kan girman yara, wannan ba a mayar da shi. Ina nan dai kan bakana cewa a guji tara lensoshi barkatai masu arha, biyu masu kyau sun fi biyar.

Abban_Nur:
ni a ganina ki nemi mai VR kawai shine maganin dagulewar hoto

Injiniya_K:
@Abban_Nur a'a, nata 18-55 ɗin ma yawanci mai VR ne yake zuwa da D3500. VR a Nikon, IS a Canon, OS a Sigma, VC a Tamron, duk aikinsu ɗaya, rawar hannun mai ɗauka suke gyarawa. In kana ɗaukar gini ko mutum a zaune shiru zai taimake ka ka sauko da shota ƙasa sosai. Amma yaron da ke tsalle a kan katifa babu ruwan VR da shi, shota mai sauri kaɗai ke tsayar da shi, 1/250 ko sama, ita kuma haske take ci. Shi ya sa aka koma maganar f/1.8. 35 da 50 ɗin da ake ta magana duk ba su da VR kuma ba ta buƙata.

Mai_Sutudiyo:
Kowa na ta lensi lensi ba wanda ya ce haske. Ni aikina kenan kullum ɗaukar mutane a cikin gini, kuma ina gaya muku filasha ta waje wadda kanta ke juyawa ta fi canza hoto a kan kowane lensi. Ba ƙaramar nan da ke ɗagowa a saman kyamara ba, wannan fuska take wankewa ta bar baƙar inuwa a bango. Ki ɗora ta waje ki juya kanta sama ta daki silin in fari ne, hasken ya dawo a hankali ya lulluɓe ɗakin, da 18-55 ɗin nan naki a f/5.6 za ki sha mamaki. Hasken filasha kuma ɗan ƙiftawa ne, shi kansa yana tsayar da motsi. Sannan kar ki ji tsoron ƙara ISO, wato ƙarfin jin haske na sensa, D3500 tana ɗaukar 1600 har 3200 hoton bai lalace ba, ɗan yashi-yashi a hoto ya fi hoton da ya dagule gaba ɗaya.

Wani abin da ba a faɗa miki ba game da f/1.8, wurin da ke fita sarai siriri ne ƙwarai. 50mm a f/1.8 daga mita ɗaya da rabi abin da ke cikin fokas bai kai santimita 7 ba. Yaranki biyu ne, in ɗaya ya ɗan fi ɗaya matsowa to ɗaya zai fita ɗaya ya narke tare da bango. Dole ki rufe zuwa f/2.8 ko f/4 in su biyu ne, kin ga ribar hasken ta ragu kenan.

Zee_Hotuna:
Wannan gaskiya ne Mai_Sutudiyo, lokacin da na fara amfani da f/1.8 hotuna da yawa gashin gira ya fita ido bai fita ba. Abin da ya gyara min shi ne na daina barin kyamara ta zaɓi wurin fokas, na koma ɗigo ɗaya ina ɗora shi a kan idon da ya fi kusa da ni. A D3500 ɗigo 11 ne, na tsakiyar ya fi kamawa a duhu. Amma filasha kam ba kowane lokaci ba, jariri yana barci kusa da taga hasken safe na sauka a kumatunsa, wa zai kunna filasha a nan? Irin wannan hoton ne ake sayen 35 saboda shi.

Ɗan_Zum:
Me ya sa sai mara zum? Akwai Sigma 17-50mm f/2.8 akwai Tamron 17-50mm f/2.8, buɗinsu ba ya canzawa daga farko har ƙarshe, a 50 kin samu ninki huɗu na hasken lensinki kuma 35 da 50 ɗin duk suna ciki rigima ta ƙare. In kuma da hali Sigma 18-35mm f/1.8 Art wanda ya fito 2013, kaifinsa ba a magana.

Hajiya_Canon:
18-35 ɗin nan giram 810 ne fa, ya ninka bodin D3500 a nauyi, uwa mai bin yara biyu ga jaka ga wannan a wuya? 35mm DX giram 200 ne kacal. Lensin da ya yi nauyi a gida ake barinsa a koma ɗauka da waya, na ga haka wajen mutane da yawa. 17-50 ɗin dai shawara ce mai kyau ban ƙi ba.

Malam_Gilashi:
Ƙari a kan haka, duk lensi mai buɗi sosai ko na wane kamfani ne akan samu wanda fokas ɗinsa ke sauka ɗan gaba ko ɗan bayan inda aka nufa. Manyan bodi suna da wurin daidaita wannan a cikin menu, D3500 ba ta da shi. Don haka kowanne za ki saya ki je da kyamararki ki ɗora ki gwada a buɗe gaba ɗaya, ki ɗauki rubutu a jikin kwali ki zuƙo hoton ki ga ko harafin da kika nufa ne ya fita.

Sabon_Shiga22:
Na gode Hajiya_Canon Allah ya saka. To na hannu fa? ana samunsu da sauƙi amma ina tsoro

Mai_Tsuntsaye:
Yawancin nawa na hannu ne kuma suna aiki lafiya, dubawa ce kawai. Akwai wanda aka taɓa kawo min daga waje fes kamar sabo ko ƙwarzane babu, na cire murfin gaba da na baya na haska tocilar waya ta ƙasa ina leƙawa ta sama, sai ga wani farin zare-zare kamar saƙar gizo-gizo ya fara daga gefen gilashin ciki yana tafiya tsakiya. Funfuna ce, danshi ke kawo ta, in ta daɗe tana cin rufin gilashin ko an wanke tabon na nan. Na mayar masa. 'Yar ƙura a ciki ba komai ba ce kusan kowane zum yana da ita ba ta fitowa a hoto, abin gudu shi ne funfuna da hazo. Ka duba fukafukan buɗin kar ka ga maiƙo a jikinsu, na Nikon akwai ɗan ƙarfe a baya in ka ture shi ka saki ya kamata su rufe nan take. Ka juya zoben zum da na fokas ka ji ko yana cijewa, ka saurari ƙarar injin, ka duba ƙarafan da ke haɗa shi da bodi, ƙwarzane a gilashin baya kuma ya fi na gaba illa. In ka kai gida kar ka kulle shi a jaka wata da watanni, ka ajiye inda iska ke busawa da 'yan ƙullin nan masu shanye danshi.

Tekno_Boy:
tsakani da Allah har yanzu ana zuba kuɗi a lensin DSLR, wato kyamara mai madubi a ciki? manyan kamfanonin sun koma mara madubi tun 2018 da Nikon Z da Canon RF suka fito

Injiniya_K:
Sun koma, amma kyamarar da ke hannunta ba ta daina ɗaukar hoto ba don an fito da sabuwa. Kuma komawar da mutane ke yi ce ta sa lensoshin F da EF na hannu suka yawaita. In ma ta koma Z wata rana akwai adaftar FTZ, AF-S da AF-P suna fokas a kanta daidai, masu D ɗin nan ne dai ba sa yi, wani dalilin kenan na guje musu. Canon ma suna da tasu adaftar daga EF zuwa RF, har EF-S tana ɗauka.

Ummu_Biyu:
Salam, na dawo. Na yi gwajin da Malam_Gilashi ya ce. A falo da na sa wajen 50 sai da na fita bakin ƙofa kafin su biyun suka shiga, ƙaramar kuma da ta ga na ja baya sai ta biyo ni tana miƙo hannu, fuskarta kaɗai ta cika hoton. A 35 ina zaune a ƙasa tare da su komai ya shiga har kayan wasan. Na duba tsofaffin hotunan kuma yawancin na cikin gida tsakanin 24 da 35 suke. Amma gaskiya da muka fita waje da yamma na fi son yadda fuskokinsu suka fito a 55, akwai wani kyau da ban samu a 35 ba. Yanzu zuciyata ta fi karkata ga 35 ɗin sai dai maganar filasha ta Mai_Sutudiyo ta tsaya min a rai, don silin ɗinmu fari ne.

Ɗan_Hamsin:
Kin gani ko Hajiya, wannan kyan da kika gani a 55 shi nake ta faɗa, kuma a f/5.6 kika gan shi, ki bari ki gan shi a f/2. Ni har gobe 50.

Mai_Sutudiyo:
In silin fari ne kuma bai yi tsayi da yawa ba to rabin aikin ya ƙare. Ki tabbatar dai filashar tana aiki da i-TTL na Nikon don ta riƙa auna hasken da kanta, kuma kanta na juyawa gefe ba sama kaɗai ba saboda hoton tsaye.

Zee_Hotuna:
35 tukuna Yaya, na waje 18-55 ɗinki yana riƙe miki a 55 kafin ki tara na 50 ɗin. In kin tashi sayen filta ki lura bakinsu ba ɗaya ba ne, 35 DX milimita 52 ne, 50G 58, AF-P 18-55 ɗinki kuma 55, lambar tana rubuce a cikin murfin gaba.

Sabon_Shiga22:
tambaya ta ƙarshe dan Allah, ina son ɗaukar ƙananan abubuwa kamar zobe da ƙwari, naga wani 70-300 an rubuta makaro a jikinsa, zai yi?

Malam_Gilashi:
Zai kusanto maka da fure ko malam buɗe littafi, amma irin waɗannan iyakarsu 1:2 ne wato rabin girman abin a kan sensa. Makaro na sosai 1:1 yake bayarwa, irin Canon 100mm f/2.8 ko Tamron 90mm. Don ƙwari ka nemi mai tsawo haka saboda in ka matso da gajere guduwa suke, zobe kuwa ko gajeren ya isa. Ka buɗe sabuwar tambaya a kai ka faɗi wanne ka fi ɗauka a cikin biyun, a nan zai ɓace a cikin maganar Hajiya.